Yayana zai kawo mini mota mai caji, ni kuma ba ni da wurin caji

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Motata ta tsufa, rabin wata a gareji take yinsa, ga kuɗin mai yana neman gagarata. Yayana da ke zaune a Amurka ya ga wata Mitsubishi Outlander ƙirar 2018 a wurin gwanjo, irin wadda take shan fetur kuma ake jona ta da lantarki a yi mata caji. Ya ce zai biya rabin kuɗinta, ni in biya sauran tare da kuɗin jirgi da na kwastam, in ba shi amsa kafin ƙarshen wata. Shi ma irinta yake hawa, ya ce sai ya yi wata biyu bai leƙa gidan mai ba. Ni kuwa gidan haya nake, mu uku muke kan mita ɗaya, mota a waje take kwana wurin maigadin layinmu, wuta kuma in mun samu ta awa biyar a rana mun gode Allah. Kullum ina yin kilomita 30 tsakanin wurin aiki da makarantar yara, duk bayan mako biyu kuma muna zuwa Kano gaida Hajiya. Yaya ya ce ko ban yi caji ba motar za ta yi tafiya kuma za ta rage mini mai. Bakanikena ya ce ranar da batirin ya ƙare a hanya sai dai a jawo ni. Maiɗakina ta ce mu nemi motar da kowa ya sani, tunda kuɗin da zan zuba na ginin filinmu ne. Ina jin nauyin Yaya ƙwarai, shi ya ɗauki nauyin karatuna bayan rasuwar mahaifinmu, ban taɓa ce masa a'a ba. Motar nan za ta amfane ni ba tare da caji ba? In ba za ta yi ba, ta yaya zan faɗa masa?

Ɗan'uwanka daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka wa Yaya da alheri. Zan fara da amsar da kake jira, bayani ya biyo baya: motar za ta yi tafiya ko ba ka taɓa yi mata caji ba, amma wannan motar, a halin da kake ciki yau, ba za ta rage maka mai ba. Ni da ni ne ba zan sa kuɗin gini a cikinta ba. Sai dai kada ka ɗauka cewa amsar tana nufin ka mayar wa Yaya alherinsa. Motar za a sauya, taimakon yana nan, kuma za mu zo kan yadda ake faɗar hakan ga babban wa.

Kowa cikin mutum ukun nan da suka ba ka shawara yana riƙe da wani yanki na gaskiya, don haka bari mu ga yadda motar take aiki. Haibirid ta gama-gari, irin Prius da Camry da ake gani a titunanmu, tana da inji da ɗan ƙaramin batir wanda injin da birki suke cika shi da kansu, ba ta da wurin jona waya sam. Wadda Yaya ya gano maka tana da babban batir, na Outlander ƙirar 2018 yana ɗaukar abin da ya kai yunit 12 na wuta, kuma an ƙera ta ne a kan cewa mai ita zai jona ta da dare, ya tashi da safe ya yi zirga-zirgar cikin gari da lantarki zalla. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ke gwada motoci ta buga sakamako, ta ba ta wajen kilomita 35 a kan caji ɗaya lokacin tana sabuwa. Idan cajin ya sauka, kwamfutar motar ba ta barin batirin ya ƙare ƙarƙaf. Tana ajiye wani kaso, ta tayar da inji, a ci gaba da tafiya. A cikin gari injin yana juya janareta ne ya ba tayoyi wuta, a babban titi kuma yana iya haɗuwa da tayoyin gaba kai tsaye. Don haka a kan maganar jawo ka daga hanya, Yaya ya fi bakanikenka gaskiya. Muddin akwai fetur a tanki kuma batirin lafiyarsa ƙalau, ba za ta tsaya maka a Kwanar Ɗangora don ba ka yi caji ba.

Inda maganar Yaya ta sami tangarɗa shi ne batun rage mai. A gwajin hukumar nan, Outlander mai caji idan cajinta ya ƙare tana yin wajen kilomita 10 da rabi da lita ɗaya. 'Yar'uwarta mai shan fetur zalla ta shekarar, mai inji 2.4, tana yin kilomita 11 ko ɗan fiye. Wato wadda ba a yi wa caji ba ta ɗan fi ta gargajiyar shan mai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: batir da injinan lantarki biyu sun ƙara mata nauyin da ya haura kilo 250, kamar dai ka loda buhun siminti biyar a but ka yi ta yawo da su duk inda za ka, ba ranar saukewa. Mai caji kullum yana cin moriyar wannan nauyi. Wanda ba ya yi kuwa dako kawai yake yi, kuma shi ya biya kuɗin kayan.

Kada in yi wa sauran motoci masu caji kuɗin goro, domin ba duka suka zama ɗaya ba. Prius Prime ta 2017 zuwa 2022 tana yin kusan kilomita 23 da lita ko ba caji, har ta ɗan fi Prius ɗin gama-gari. RAV4 Prime tana yin wajen 16, 'yar'uwarta haibirid mara caji tana yin 17. A waɗannan, wanda bai yi caji ba bai yi asarar mai sosai ba, asararsa tana cikin ƙarin kuɗin da ya biya ranar saye. Waɗannan alƙaluma na titin Amurka ne, a kan ramukanmu da na'urar sanyaya mota a kunne duk za su ragu, amma tazarar da ke tsakanin mota da mota tana nan yadda take. Turawan ma sun sha wannan darasi. A 2022 wata cibiyar binciken sufuri mai suna ICCT, tare da cibiyar Fraunhofer ta Jamus, sun bibiyi irin waɗannan motoci kimanin 9,000 a Turai, suka tarar suna shan mai ninki uku zuwa biyar na abin da aka rubuta a takarda. Waɗanda suka fi muni su ne motocin da kamfanoni ke ba ma'aikatansu haɗe da katin shan mai kyauta: kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari kacal na tafiyarsu suke yi da lantarki. Mutanen da wuta ba ta ɗauke musu ke nan, ƙyuya ce kawai ta hana su jonawa.

Yanzu mu kawo lissafin gida. Kilomita 30 sau kwanakin aiki 22 ya ba da 660. Zuwa Kano da dawowa wajen 300 ne, sau biyu a wata 600. Mu ce 1,300 a wata da ɗan abin da ba a rasa ba. Outlander ba caji za ta sha lita 120 da ɗoriya. Camry haibirid ta tsakanin 2012 da 2017, mai yin wajen kilomita 17 da lita, za ta sha ƙasa da 80. In muka ƙaddara lita a naira 900, bambancin ya kai wajen naira 40,000 duk wata. Ka sa farashin da ka sha mai jiya ka sake bugawa, don tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin fetur bai zauna wuri ɗaya ba.

Ga wani abin da ya kamata ka nuna wa Yaya, don na tabbata bai zo masa a rai ba. Ko da kana da wurin caji, ribar ta dogara ne da irin wutar da kake sha. Cika batirin daga soket yana cin wajen yunit 10. Unguwannin da aka sa a rukunin A, waɗanda ake yi wa alkawarin awa 20 a rana, an kai yunit ɗinsu naira 225 a Afrilun 2024, daga baya ya dawo wajen 209. Kenan caji ɗaya ya haura naira 2,000, a madadin fetur lita uku da ɗan kai, wanda bai wuce naira 3,000 ba a farashin da muka ƙaddara. Riba akwai, amma ba irin wadda ake ji a baki ba. Unguwannin da wutarsu ke da araha kuwa, irin taku, su ne wutar ba ta zama. Mai wuta yana biyan ta da tsada, mai arha ba ya ganinta. Ko da ka samu caji kowane dare a farashin rukunin A, in ka haɗa kuɗin wuta da na man zuwa Kano, Camry ɗin nan da ba ta san soket ba ita ce za ta fi sauƙin riƙo a wata. Na san Camry ba ta kai ta girma da tsayi ba, amma kai rage kuɗin mai ka zo nema.

Wani zai ce maka ai sai ka tayar da janareta. Kada ka soma. Ƙaramin janareta na gida, in ya yi ƙoƙari, yunit biyu yake fitarwa daga lita ɗaya, yunit biyun kuma ba za su kai wannan motar kilomita takwas ba. Litar nan da a tankin motar ka zuba ta, da ta kai ka goma da rabi. Haka ma maɓallin da ke cikin motar wanda ke sa inji ya cika batir kana cikin tafiya: fetur ne ake ƙonawa a mayar da shi wuta, ana asara a tsakani. Yana da ranarsa, amma ba hanyar tsimi ba ce.

Sai batun gidan da kake ciki, wanda a ganina shi ne ya yanke hukunci tun kafin a zo kan alƙaluma. Cajar da ake jonawa a soket na gida tana jan fiye da kilowat biyu na tsawon awa huɗu zuwa biyar ba tsayawa. A gidan da mutum uku ke raba mita ɗaya, yunit 10 a dare ɗaya na iya fin abin da sauran gidan gaba ɗaya ke sha. Ka san yadda ake kai ruwa rana a kan dutsen guga da abin dafa ruwa, to ina ga mota. Maƙwabtanka suna da haƙƙi a nan, kuma ba sai sun yi magana ba. Mai gidan ma yana da nasa, domin wayoyin yawancin gidajen haya ba a ja su don irin wannan nauyi ba, soket mai araha yana zafi har ya narke, kuma cajar ba ta yarda ta fara aiki in gidan ba shi da wayar da aka binne a ƙasa yadda ya kamata. Jawo doguwar waya ta kan katanga zuwa titi inda motar ke kwana, da damina, ga yara suna wasa, wannan ko da wasa kada ka yi tunaninsa. Ƙari a kan haka, cajar da ke zuwa cikin motocin Amurka an yi ta ne don wutarsu mai ƙarfin volt 120, tamu kuwa 230 ce. Motar kanta tana karɓar irin tamu, amma sai an sayi wata cajar daban mai bakin da ya dace da ita.

Bakanikenka ya kuskure a kan cajin da ya ƙare, amma tsoron da ke ransa yana da tushe. Batir ya sauka daban, batir ya lalace daban. A irin wannan mota babban batirin ne ke tayar da inji, in ya mutu motar ta zauna, ko da tanki cike yake. Motar 2018 ta kwana biyu, batir kuma yana tsufa da shekaru ko ana amfani da shi ko ba a yi, zafi yana ƙara masa saurin tsufa, ka kuwa san yadda Maris da Afrilu suke a wajenmu. Kada ka yi mamaki in kilomita 35 ɗin nan sun koma ashirin da wani abu. Batirin a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe, ya sa ta fi mai fetur kusanci da ƙasa da wajen santimita uku, abin lura ga mai bin layukan da ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Wutar da ke cikinsa ta kai ƙarfin volt 300, wayoyinta masu ruwan lemo ne, tana iya kashe wanda ya taɓa ta ba sani. In bakanike ya ce maka ba ya son taɓa mota, ka gode masa, ya fi wanda zai ce kawo mu gani. Kanikawan da suka iya haibirid ɗin Toyota sun fara yawa a Kano da Kaduna da Abuja, ana samun batirinta na hannu a kasuwa. Na Outlander mai caji sai an tona, wataƙila sai an yi oda daga waje. Garantin kamfani kuma ba ya tsallako teku.

Kalmar gwanjo ma ta tsaya mini. Da yawa daga motocin da ake sayarwa a manyan wuraren gwanjo na Amurka kamfanonin inshora ne suka sallama su bayan hatsari ko ambaliya. Motar fetur da aka buga a gefe, mai gyaran jiki ya daddaɓe ta ta koma aiki. Motar da ke ɗauke da babban batir a cikinta, in ruwa ya taɓa shiga ko an bugi ƙasanta, matsalar tana iya ɓuya wata shida kafin ta fito. Araha ba ta ado. Ko wace mota kuka tsayar a ƙarshe, ka roƙi Yaya ya turo maka lambar jikinta mai harufa da lambobi 17, a binciki tarihinta, a ga dalilin da ya kai ta gwanjo.

Maiɗakinka ta yi magana mai nauyi, kuma ina so ka saurare ta da kunnen abokin shawara. Kuɗin gini ba naka kai kaɗai ba ne a zuciyarta, ko da daga albashinka ya fito. Ita ta yi ta haƙuri da gidan haya ana tara shi, ita take lissafin ranar da za ta daina raba tsakar gida da wasu. In za a taɓa shi, tana da haƙƙin a gamsar da ita cewa abin da za a saya zai dawo da kuɗin ta hanyar rage mai da zuwa gareji. Akwai kuma abin da wataƙila ba ku lura ba ku duka: Outlander mai fetur ta wannan shekarar tana da kujeru bakwai, mai cajin kuwa biyar ne, don kayan lantarki sun cinye wurin layi na uku. Ku shida ne. Safayar taya ma babu, sai ɗan famfo da ruwan liƙi. Mai bin hanyar Kano da iyali duk bayan mako biyu ba ya wasa da safaya. Maganarta ta motar da kowa ya sani kuma magana ce ta ranar sayarwa: in wata lalura ta taso kana son kuɗi cikin mako guda, Corolla ko Camry ba ta kwana a hannun dillali, motar da masu saye ke tsoron batirinta kuwa sai ka karya ta. Ka zauna da ita da takarda da biro ku buga lissafin nan tare, kafin ka kira Amurka. In ta ga ka ɗauki maganarta da daraja, ko wace shawara aka yanke za ta tsaya a bayanka.

To, Yaya. Mutumin nan bai yaudare ka ba, abin da ya gani a rayuwarsa ya faɗa maka. Yana da wurin ajiye mota da soket a bango, wuta ba ta ɗaukewa, tafiyarsa ta yau da kullum ba ta wuce abin da batir ke ɗauka, don haka wata biyu ba gidan mai gaskiya ne a wurinsa. Yana jin labarin tsadar fetur a gida, yana son ya cire ƙaninsa daga ciki da abin da ya cire shi. Wanda ya daɗe a waje yakan manta ƙananan abubuwa: mita ɗaya ta mutum uku, mota a hannun maigadi, ko yadda a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ce ba ka taɓa ce masa a'a ba, kuma na fahimci nauyin. Amma ka auna wanne zai fi yi masa ciwo: ka gaya masa gaskiya yau kafin ya biya, ko ya zo hutu baɗi ya tarar da motar da ya zuba dalolinsa a kai an lulluɓe ta da tamfol ana jiran kaya daga waje, ginin kuma yana nan inda ya bar shi. Kunyar da za ta kai ga haka ba ladabi ba ce.

Kira shi za ka yi, kada ka tura saƙo, kuma ka zaɓi lokacin da ya tashi daga aiki. Ka fara da godiya da addu'a yadda ka saba. Sannan ka ce masa wani abu kamar haka: Yaya, na yi bincike a kan motar nan, na ga amfaninta duk yana wurin caji, ni kuma ga yadda gidan da nake yake. Ina tsoron in karɓa in kasa riƙe ta yadda ya dace, kuɗinka su tafi a banza. Ko za ka duba mana haibirid wadda ba a jonawa, a daidai wannan kuɗin? Ka ga a nan ba ka ƙi shi ba, shawararsa ka sake nema, kuma ka bar masa girmansa na mai zaɓe. Ka tura masa hoton inda motar ke kwana da na mitar gidan, hoto yana gajarta gardama. Kada ka ce maiɗakina ta ce, ko bakanike ya ce. Ka ɗauki maganar a bakinka, don kada ka haɗa matarka da wanka a kan abin da kai ma ka gamsu da shi. Hajiya kuma a bar ta da addu'a, kada a kai mata ƙarar mota.

Abin da za ka roƙa a madadi ya danganta da abin da ya fi damunka. In kuɗin mai ne kan gaba, Camry haibirid ko Prius. In kana son mai tsayi saboda hanya, RAV4 haibirid, ta 2016 zuwa 2018 tana yin wajen kilomita 14 da lita, ta 2019 zuwa sama kusan 17. In kujeru ne, Highlander haibirid ta 2017 zuwa 2019 tana ɗaukar bakwai ko takwas, tana yin wajen 12, sai dai kuɗinta ya fi. Akwai kuma Prius mai kujeru bakwai da aka sayar a Turai, wadda takan shigo ta hannun masu kawo motocin Beljiyam, amma wannan ba ta hannun Yaya za ta biyo ba. Kowace ka samu, a sa na'ura a duba lafiyar batirinta kafin a biya, kuma ka riƙa sa a share matatar iskar da ke sanyaya batirin, wadda ke kusa da kujerar baya, musamman bayan hunturu, don ƙurarmu tana toshe ta batir ya yi zafi. In kuma lissafi ya nuna kowace daga cikinsu za ta cinye kuɗin ginin gaba ɗaya, Corolla mai fetur mai lafiya ba abin kunya ba ce, ka karɓi rabin da Yaya ya yi niyya ka rage abin da za ka ciro daga ginin. Masu ba ka shawarar mayar da mota mai shan gas kuwa, ka fara tabbatar da inda za ka riƙa sha a hanyarka kafin ka saya tukunyar, kada ka gudu daga rashin soket ka faɗa rashin famfo.

Akwai halin da zan sauya amsata. In makarantar da kake koyarwa tana da sola mai ƙarfi ko tsayayyar wuta, kuma hukumar makarantar ta yarda a rubuce ka riƙa jonawa kana biya, to kilomita 30 ɗinka sun yi daidai da abin da irin wannan mota ke so. Kafin ka gina fata a kai, ka gwada na mako biyu: kullum ka rubuta ko da mota tana nan yau, da ta samu awa huɗu a jere a jone? In amsar e ce a yawancin kwanaki, sai a yi maganar mota mai caji, kuma ko a nan zan fi karkata ga Prius Prime ko RAV4 Prime, waɗanda ba sa hukunta ka ranar da ba ka samu wuta ba. Haka kuma in Allah ya nufa ka gama gininka ka sa sola, lissafin zai juya gaba ɗaya, don rana ba ta kawo takardar biya. Sai dai ka sani yunit 10 a rana yana buƙatar faifan sola manya biyar ko shida na motar kaɗai, ga kuma injin juya wuta mai ƙarfi, kuma da rana motar tana wurin aiki, don haka ko dai batirin gida babba ko caji a ranakun hutu. Tun yanzu da ginin bai kai rufi ba, ka sa mai wayarin ya ja waya mai kauri daga allon wuta zuwa inda mota za ta riƙa kwana, da abin katse wuta nata na kanta. Kuɗinsa kaɗan ne a yanzu, fasa bango daga baya shi ne tsada.

In kuma ka kira ka tarar Yaya ya riga ya saya, ko ya dage har ka ga ƙin karɓa zai taɓa zumunci, to ka karɓa da hannu biyu, ba musiba ba ce. Ka roƙe shi ya sa a gwada lafiyar batirin can kafin a loda ta a jirgi, ya haɗo maka da caja mai karɓar wutar 230 wadda ake iya rage mata ja, da safayar taya da jak. In ta iso, ka nemi bakaniken da ya san haibirid tun kafin ka buƙace shi, ka samu wani ɗan'uwa ko aboki mai mitarsa shi kaɗai inda za ka riƙa cika ta ko sau ɗaya a mako kana biyansa kuɗin yunit, kada ka bar ta a ajiye makonni batir a ƙasa, kuma ka nema mata inuwa. Ka hau ta wata shida kana rubuta abin da take sha. In lissafin bai fita ba, ka sanar da Yaya da alƙaluma a hannu, ku sayar da ita a Abuja ko Legas inda masu wurin caji suka fi yawa, a mayar da kuɗin kan wadda ta dace da ku shida. Allah ya zaɓa muku mafi alheri, a gaida maiɗakin da yara.